Daga kwabon Sarauniya zuwa naira 50 ta banki: Wa ke biyan kuɗin saƙo a Kadawa?

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026, idan dillalin tumatir da ke kasuwar Mile 12 a Legas ya tura wa manomin Kadawa kuɗin kwandunansa ta waya, daga asusun dillalin ake cire naira 50 ɗin nan ta gwamnati. Kafin ranar, manomin da kuɗin ya faɗa wa ake cire wa. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ce ta juya abin, kuma bankuna sun yi ta aika wa mutane sanarwa a ƙarshen Disamba cewa duk wanda ya tura naira 10,000 ko fiye, shi zai biya.

Naira 50 ba ta sayen ko ƙullin gishiri a kasuwar Kura a yau, shi ya sa mutane da yawa suka karanta sanarwar suka wuce. Amma sunan da dokar ta mayar wa kuɗin ya isa a tsaya a kansa. Harajin kan sarki ne, wato sunansa ya samo asali daga ɗan hoton nan da ake lasa a manna a jikin takarda. Tambayar da dokar ta amsa kuma, ta wanda ya kamata ya biya tsakanin mai aikawa da mai karɓa, tsohuwa ce. A kanta aka yi rigima a Ingila shekara kusan 190 da suka wuce, kuma hukuncin da aka yanke a can shi ya biyo Turawa har Kano.

Lokacin da mai karɓar wasiƙa ke biya

Kafin 1840, a Ingila wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta a bakin ƙofa. Ana lissafi ne da nisan tafiya da kuma yawan fallayen takarda. Wasiƙa mai falle ɗaya daga Landan zuwa Edinburgh, a irin kuɗin da kakanninmu suka sani, sule ɗaya da ahu ce, abin da ya kai rabin ladan yinin lebura ko ya fi. Falle biyu, kuɗi biyu. ’Yan majalisa da manyan ma’aikatan gwamnati kuwa kyauta suke aikawa, sa hannunsu kawai ya wadatar, kuma suna ara wa ’yan uwa da abokai wannan gatan.

Talaka sai ya nemo dabara. Mai aikawa ya yi wata ’yar alama a bayan takardar, wadda suka riga suka shirya da mai karɓa. Masinja ya kawo, mutum ya karɓa ya juya ta, ya ga alamar da ke nufin kowa lafiya, ya mayar ya ce ba shi da kuɗi. Duk wanda ya yi zamanin filashin a farkon shigowar wayar salula ya san wannan wayon, bambancin kawai shi ne namu bai sa doki ya yi tafiyar kwana biyu a banza ba.

Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ne ya zauna ya yi lissafin da gidan waya bai taɓa yi ba. A wata ƙasida da ya fitar a 1837, ya nuna cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa ɗaya daga Landan zuwa Edinburgh bai wuce kashi ɗaya cikin 36 na kwabo ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne ma’aikatan da ke ɗaga kowace wasiƙa a gaban fitila su ƙirga fallayenta, da masu auna nisa, da masinjan da ke tsayawa ƙofa-ƙofa yana jiran a nemo masa canji. Sai ya ce tunda haka ne, a daina kallon nisa. A sa farashi ɗaya, mai arha, a kan nauyi, kuma mai aikawa ya biya tun kafin wasiƙar ta tashi.

Ranar 10 ga Janairun 1840 aka fara: kwabo ɗaya ga wasiƙar da ba ta wuce kimanin giram 14 ba, ko’ina za ta je a cikin ƙasar. Ranar 6 ga Mayun shekarar aka fara amfani da kan sarki na farko a duniya, baƙi, mai ɗauke da kan Sarauniya Victoria. Wasiƙun da aka aika sun tashi daga kusan miliyan 76 a 1839 zuwa kusan miliyan 169 a 1840.

Akwai ɓangaren labarin da masu yabon Hill ba su cika faɗa ba. Ribar gidan waya ta faɗi warwas, kuma sai da aka yi sama da shekara 20 kafin ta koma inda take. Shi kansa an sallame shi daga aiki a 1842, sai daga baya aka dawo da shi. Gwamnatin Birtaniya ta haƙura da asarar ne saboda ’yan kasuwa sun matsa mata, kuma ta ga abin da arhar saƙo ke yi wa ciniki. Kwabon nan ya zauna daram har 1918, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka mayar da shi ahu.

Farashi ya bi tuta

Wasiƙar ƙasashen waje ta fi wannan rikici. Kowace ƙasa da za ta ratsa sai ta yanki nata, kowane jirgin ruwa da kuɗinsa. A 1874 ƙasashe suka taru a Bern ta Suwizalan suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, suka amince da farashi guda na bai ɗaya, wanda a kuɗin Ingila ya kama kwabo biyu da rabi. Daga ranar Kirsimetin 1898 kuma Birtaniya ta yi wa yawancin ƙasashen da take mulka rangwame: kwabo ɗaya tsakaninsu da ita.

A cikin wannan tsarin Arewa ta shiga. Legas ta samu gidan waya tun 1852 a matsayin reshen na Landan. Kamfanin Royal Niger ya yi ta amfani da kan sarkin Ingila a tashoshinsa na bakin Kwara, har Lakwaja. A 1900 aka buga kan sarki mai sunan Arewacin Najeriya, shekara uku kafin sojojin Lugga su shiga Kano, kuma a 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa aka koma mai sunan Najeriya kawai.

Ba wai babu wasiƙa a ƙasar Hausa kafin zuwansu ba. Takardu masu hatimi sun yi ta kai-komo tsakanin Sakkwato da fadar Kano a hannun manzanni, fatake na ɗaukar saƙon malamai zuwa Gwanja, Larabawan Gadamas da ke Kano na aika nasu Tarabulus a ayarin raƙuma. Sai dai duk wannan na mai sarauta ne, ko mai dukiya, ko wanda ya san matafiyi. Abin da Bature ya kawo sabo shi ne wurin da kowa zai je ya ajiye kwabonsa, ba tare da ya san mai ɗaukar saƙon ba.

Harshenmu ya adana tarihin fiye da littattafai. Mun kira wurin gidan waya saboda wayar tangarahu da aka ja a kan turaku ta shiga cikinsa. Mun kira ɗan hoton kan sarki saboda abin da idonmu ya gani ke nan, kan Sarki Edward, sannan na George. Har yau Birtaniya ce kaɗai ƙasar da ba ta rubuta sunanta a jikin nata, kan mai sarauta ya ishe ta.

Amma a dubi abin da tsarin ke nufi ga Bakano. A bisa ƙa’idarsa, wasiƙar da za ta tsallaka teku zuwa Landan ’yar gida ce, kuɗinta kwabo. Wadda za ta je Damagaram ko Maraɗi, inda ’yan uwa da abokan fatauci suke, ta ƙasar waje ce tunda hannun Faransa take, kuɗinta ya ninka fiye da sau biyu. An tsara farashin ne don Joji da Razdan da akawun kamfanin gyaɗa su ji daga gida, sauran jama’a kuwa sun ci albarkacinsu ne.

Sun kuwa ci. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya karɓi buhunan wasiƙu daga kan masu ɗauka a ƙafa. A Nuwamban 1925 jiragen sama na farko suka sauka a Kano, kuma daga 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu ta sama daga Khartoum duk mako. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, wasiƙun masu karatu na cikin abubuwan da suka raya ta. Sojojinmu da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu ta nan suka riƙa shaida wa iyayensu suna raye. Masu rubuta wa mutane wasiƙa suka kafa tebura a bakin gidan waya, ka faɗa su rubuta, da boko ko da ajami. Lokacin samun ’yancin kai a 1960, Najeriya na da manyan gidajen waya 176 da wakilai kusan 1,000 a ƙananan garuruwa.

Zamanin da Kadawa ta shigo

Yankin da ake kira Kadawa a yau, wato filayen noman rani da suka ratsa Kura da Garun Malam da Bunkure, ɗan madatsar ruwan Tiga ne, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina aka kammala a 1974. Da ruwa ya biyo magudanai, alkama da tumatir da shinkafa suka biyo shi, sai kuma mutane: ma’aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama’are, malaman gona na tashar binciken da cibiyar Samaru ke da ita a Kadawa, da ’yan ci-rani daga ko’ina.

Duk waɗannan a lokacin da akwatin gidan waya suka dogara. Takardar ɗaukar aiki, sakamakon jarrabawa, kiran shiga makarantar gaba da firamare, kuɗin da ɗan ci-rani ke aika wa mahaifiyarsa da fasa oda, duk ta nan suke bi. Sau da yawa akwati ɗaya ne, na makarantar firamare ko na dagaci, ke karɓar wasiƙun gari guda. Masu sauraron rediyo ba za su manta katin Zaɓi Sonka ba, da wasiƙun tambaya da ake aika wa Sashen Hausa na BBC. Abin lura shi ne, kan sarkin da ɗan Kadawa zai manna ya aika Legas, shi ne wanda ɗan Ikeja zai manna ya aika unguwar da ke maƙwabtaka da shi. Wasiƙun birni masu sauƙin rabawa su ke ɗauke wa na ƙauye nauyi. Tallafi ne da babu wanda ya kira shi tallafi, kuma na karkara ne suka fi morar sa.

A 1985 aka raba tsohuwar ma’aikatar P&T, ɓangaren tarho ya zama NITEL, na wasiƙu ya zama NIPOST. A 2001 wayar salula ta shigo. Sauran labarin kowa ya gan shi da idonsa. A yau ka tsayar da matashi mai ban ruwa a bakin magudana ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganin kan sarki, da wuya ya gane me kake nufi, alhali yana biyan harajinsa duk ranar da ya tura kuɗin taki.

Mun koma kafin 1840

Magana ta koma waya, kuɗi ya koma waya, amma kaya ba sa bin iska. Takardar shaidar kammala makaranta, irin shuka, ƙarfen injin ban ruwa da ya lalace, magani, ɗinkin biki, dole sai wani ya ɗauka. A nan ne ake ganin abin da aka rasa.

Mai son aika irin wannan daga Kura zuwa Fatakwal ko Ibadan, tasha zai nufa ko bakin titin Kano zuwa Zariya. Zai nemi ɗan kamasho, ɗan kamasho ya haɗa shi da direba. Kuɗin ya danganta da nisa, da girman ƙunshin, da tsadar mai a ranar, da kuma yadda direba ya ga rigar mai aikawa. Sau da yawa wanda aka aika wa ne zai biya, ko ya cika ragowar, idan mota ta isa. Babu kai wa gida. Za a kira shi a waya ya zo tasha, idan bai ɗauka ba kayan su kwana a ofishin ƙungiyar direbobi. Idan sun ɓace, sai dai a je gaban shugaban tasha a yi sulhu.

A sake karanta wannan a hankali: farashi bisa nisa, mai karɓa ke biya, mai hanya da sanayya na samun sauƙi. Tsarin da Rowland Hill ya rushe ke nan, ya dawo da ƙafarsa.

Gaskiya ita ce tsarin tasha yana aiki, kuma yana da sauri. Motar da ta ɗauki kwandunan tumatir a Kwanar Gafan da yamma tana iya sauke ƙaramin saƙo a Legas kafin takardar gidan waya ta bar jiha. Direbobi da yawa sun riƙe amana, domin da ita suke ci. Ba don jahilci mutane suka koma can ba, lissafi suka yi. Amma tasha tana bin hanyar da mota ke bi ne kawai. Wanda ke bakin kwalta ya dace. Wanda ke can cikin ƙauyukan Bunkure sai ya fara biyan ɗan acaɓa kafin a fara maganar direba. Kamfanonin kai saƙo masu zaman kansu kuma, inda riba take nan suke buɗe ofis, wato cikin birnin Kano. Babu dokar da ta tilasta musu zuwa Kadawa, kuma ba za su je don Allah ba.

Wanda doka ta ɗora wa wannan nauyin NIPOST ce. Sai dai a shekaru goman nan, manyan labaran da suka fito daga hukumar sun fi karkata ga kuɗin shiga. A Janairun 2016 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa cire naira 50 a kan kuɗin da ya shiga asusu daga naira 1,000 zuwa sama, daga baya dokar kuɗi ta 2019 ta ɗaga ma’aunin zuwa naira 10,000. Sai rigima ta ɓarke a kan wa ke da hakkin karɓa. NIPOST ta ce kan sarki nata ne tun fil azal, hukumar tara haraji ta FIRS ta ce haraji aikinta ne. A watan Agustan 2020 hukumomin biyu na gwamnati ɗaya suka yi ta jifan juna da magana a Twitter, kowa na kallo. Karɓar harajin dai ta tabbata a hannun masu haraji. Gidan waya ya tsira da sunan.

Wata guda kafin wannan, a Yulin 2020, NIPOST ta fitar da sabon kuɗin lasisi ga masu sana’ar kai saƙo, daga naira 250,000 ga ƙanana har naira miliyan 20 ga masu kai wa ƙasashen waje. Ihun matasa masu kai kaya a babur ya sa ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya dakatar da ƙarin. Lamarin ya tona wata matsala da har yanzu ake muhawara a kanta: hukuma ɗaya ce ke gasa da kamfanoni a kasuwa, ita ce kuma ke ba su lasisi.

Farashi ɗaya, fuska biyu

Komawa ga naira 50. Mayar da ita kan mai aikawa ya yi daidai da hankali, domin shi ya yanke shawarar turawa, kuma manomin da aka biya naira 50,000 zai ga 50,000 ɗinsa cif. Amma duk wanda ya san Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir ya san wa ke da ƙarfin faɗa a ji. Ranar da motoci suka yi layi, rana ta take, kaya na neman ruɓewa, dillali ne ke yanka farashi, kuma duk abin da aka ɗora masa zai san yadda ya zare shi daga kuɗin kwando. Manomin kuma shi ma mai aikawa ne: yana tura wa mai taki, mai maganin feshi, mai tarakta, ’yan ƙwadago. Tun Disambar 2024 da aka shigar da su OPay da Moniepoint da PalmPay cikin tsarin, kusan babu wata ƙofar kaucewa, ga kuma ladan mai POS a kai.

Inda abin ya fi jan hankalina shi ne yadda farashi ɗaya ke canza fuska. A wasiƙa, farashi ɗaya gata ne ga na nesa da mara ƙarfi, domin shi ne hidimarsa ta fi tsada amma ya biya daidai da kowa. A haraji, akasin haka yake yi. Matar da ta tura naira 10,000 ta sayi buhun gawayi ta biya rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗinta. Attajirin da ya tura naira miliyan 10 ya biya abin da ko a lissafi ba ya fitowa. Kuma kwabon 1840 yana sayen wani abu, wato mutum ya ɗauki takardarka ya kai ta ƙofar wanda kake so. Naira 50 ɗin nan ba ta kai komai ko’ina, banki ya riga ya karɓi nasa ladan tura kuɗin daban.

Su ma masu abin suna kuka

Kada a ɗauka can inda aka ƙirƙiro tsarin lafiya ake. A 1968 Birtaniya ta raba wasiƙa gida biyu, mai sauri da mai jinkiri. Da ta sauya kuɗinta a 1971, mai saurin fam ɗaya na sayen guda 33. A 2012 aka cire wa mai sauri takunkumin farashi, nan take ya tashi daga kwabo 46 zuwa 60, a 2013 kuma aka sayar da Royal Mail ga ’yan kasuwa. A 2020 kan sarki mai sauri kwabo 76 ne. A Afrilun 2025 ya kai fam 1 da kwabo 70, wato ya ninka fiye da sau biyu a shekara biyar.

Dalilin a fili yake. Wasiƙun da ake aikawa sun sauko daga kusan biliyan 20 a shekara a wajen 2004 zuwa ƙasa da biliyan 7, amma gidajen da doka ta ce a kai wa sun ƙaru zuwa kusan miliyan 32. Mai rabawa zai bi layin nan dai ko da wasiƙa ɗaya ce a jakarsa. Kowane ƙarin farashi na korar wasu masu aikawa, raguwarsu kuma na jawo wani ƙarin. A Yulin 2025 hukumar Ofcom ta amince a daina raba wasiƙu masu jinkiri ranar Asabar, a sauran ranakun ma a riƙa tsallake kwana ɗaya. A shekarar ne kuma kamfanin ya koma hannun attajirin ƙasar Czech, Daniel Kretinsky. Denmark ta wuce nan: kamfanin PostNord ya daina raba wasiƙu a ƙasar gaba ɗaya a ƙarshen 2025, bayan shekara 400.

Duk da haka, har yanzu a Birtaniya tsohuwar da ke tsibirin Shetland na biyan abin da ɗan tsakiyar Landan ke biya. Sun rage kwanaki, sun ƙara kuɗi, sun ci tarar kamfanin miliyoyin fam saboda jinkiri, amma ba su saki ƙa’idar ba. Mu ba mu taɓa zama mun yanke shawarar sakin ta ba. Ta zame ne a hankali, babu wanda ya yi shela.

Dala 80 kafin kaya su tashi

A ɓangaren ƙasashen waje, farashi na ci gaba da bin tuta kamar a 1898. Shekaru da dama Amurka ba ta karɓar kuɗin fito a kan ƙunshin da darajarsa ba ta kai dala 800 ba. Shugaba Donald Trump ya soke wannan rangwamen daga ranar 29 ga Agustan 2025. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta ce a ranar, saƙonnin da ke shiga Amurka ta gidan waya sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma hukumomin ƙasashe 88 sun dakatar da aikawa, wasu gaba ɗaya wasu wani ɓangare. NIPOST ba ta dakatar ba, amma ta sanar cewa duk ƙunshin da ba wasiƙa ko takardu ba, sai an biya dala 80 ko kwatankwacinta a naira kafin a karɓa, ban da kuɗin aikawa.

A canjin lokacin, kuɗin ya haura naira 100,000. Ga kamfanin da ke cika kwantena wannan ba komai ba ne, ta wata hanyar ma yake bi. Wanda abin ya faɗa wa shi ne mai ƙaramin ciniki: matar da ke tallar turaren wuta a Instagram, mai ɗinkin hula, mai busasshen tumatir da kuɓewa da zoɓo da ke son gwada kasuwar ’yan uwanmu mazauna can. Kuɗin fito ya fi kuɗin kayan. Ana ta kiran matasan Kura da Bunkure su daina sayar da ɗanye, su sarrafa, su nemi kasuwar waje ta intanet, tun ma ganin yadda masana’antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta yi ta buɗewa tana rufewa. Shawarar ba ta da laifi. Amma waya tana nemo mai saye ne kawai, kuma kilo biyu na kaya na buƙatar wanda zai ɗauke su a farashin da aka sani tun kafin a yi ciniki.

Abin da ya rage a hannu

NIPOST tana da abin da babu kamfanin da ke da shi: gine-gine a garuruwan da ko banki babu, da kujera a ƙungiyar duniya da Najeriya ta shiga a 1961, wadda ke tilasta wa kowace ƙasa karɓar saƙonmu. Shugabarta ta yanzu, Tola Odeyemi, wadda aka naɗa a Oktoban 2023, ta sa a gaba batun zamanantar da aiki, har hukumar ta sanar da daina karɓar tsabar kuɗi a kantocinta daga Yulin 2025. An kuma daɗe ana alkawarin lambar adireshi ta zamani da za ta nuna kowane gida a taswirar waya. Idan ta tabbata, amfaninta a wuri kamar Kadawa, inda kwatance bai wuce bayan masallacin Juma’a ko gefen babbar magudana ba, zai wuce na wasiƙa, ya shafi banki da motar asibiti.

A ganina wasiƙar gaisuwa ta tafi, kuma ɓata kuɗi ne a ce za a dawo da ita. Inda ƙa’idar Hill ke da sauran aiki shi ne ƙaramin ƙunshi. A ce akwai farashi ɗaya rubutacce na kilo ɗaya ko biyu zuwa kowace ƙaramar hukuma a Najeriya, mai aikawa ya biya, a ba shi lamba ya bi sawun kayansa a waya. Ba sai hukumar ta sayi motoci ba, direbobin tasha da ’yan acaɓa da masu shagon POS suna nan, wakilai 1,000 na 1960 ma ai masu kanti ne da malaman makaranta. Za a yi asara a farko, kamar yadda aka yi a Ingila, kuma dole wani ya cike giɓin. Kuɗin da ake tarawa da sunan kan sarki, daga miliyoyin mutanen da ba su taɓa riƙe kan sarki ba, nan ne wuri na farko da ya kamata ’yan majalisar da ke wakiltar Kura da Garun Malam da Bunkure su nuna da yatsa idan aka zo kasafin kuɗi.